Dutse na Uku

Na sayo shi gwanjo a Ikeja,
ranar da kamfanin kujeru ya rufe ƙofa.
Ƙato takwas suka ɗora shi a mota,
ɗaya ya baro farcensa a ƙarƙashin ƙarfen.
Injin goge katako ne, kore, mai faɗin ƙirji,
ya girme ni da shekara huɗu,
in ji farantin da ke ƙeyarsa.

Sai da muka sauke shi a Agege, bayan layin dogo,
na dubi wutsiyarsa: waya uku, ta huɗu ta ƙasa.
Bangon shagona kuwa biyu ya sani.
Wutar da ke juya fankar Iya Sikira
ita za ta ciyar da toron giwa?

Na jona duk da haka.
Ya yi gurnani, bai motsa ba,
jikinsa ya ɗau zafi kamar mai masassara.
Da warin ƙuna ya taso, na fizge filogi.

A ofishin masu wuta suka ce layi uku akwai,
amma taransifoma tana ƙetaren titi:
falwaya biyu, sabuwar mita,
da wani kuɗi da ba ya hawa rasit.
Na ƙirga har yatsu suka ƙare.

Wata bakwai yana kwance a ƙarƙashin tamfol.
Damshin Ikko ya fara lasar teburinsa,
kazar maƙwabta ta ƙyanƙyashe a cikinsa,
Sallau yarona yana shanya singileti a kai,
ni ina tura magogin hannu a kan iroko
har kafaɗa ta daina gaisawa da ni.

Sai ga Lasisi mai naɗin koyil,
wanda ya koyi Hausarsa wajen mahautan Oko-Oba.
Ya zagaya injin, ya tsuke baki:
"Mala, tukunya ba ta zama kan dutse biyu.
Za mu ƙera na uku."

Ya dawo daga Owode da wani tsohon moto,
ba bel, ba zarto, ba abin da yake ja,
da kafasito shida a jere kamar gwangwanayen madara.
Na ce, wannan aikin me zai yi?
Ya ce, "Babu. Juyawa kawai.
A juyin banzan nan wayar da aka hana ka za ta fito."

Ya buɗe ƙeyar injina, ya sauya ɗaurin tagulla,
ya naɗa igiya a wuyan tsohon,
ya fizga, ya danna makunni.
Tsohon ya yi tari, ya kama ƙugi.
Allura ta ce ƙafa biyu daidai, ɗaya na ɗingishi.
Ya ƙara gwangwani. Ya cire. Ya sake ƙarawa.
Har aka kira la'asar.

Da farko da baya injin ya juya,
ya tofo mini katako a ciki.
Lasisi ya yi dariya har da riƙe gwiwa,
ya musanya waya biyu.

Sannan iroko ya shiga da kaushinsa,
ya fito sumul kamar goshin jariri.
Sallau ya shafa, ya sake shafawa, bai ce komai ba.

Ba kyauta ba ne.
In na tayar, ƙwayayen gidan duk sai sun ƙifta,
Iya Sikira ta leƙo da ludayi a hannu.
Mun yi sulhu: ba na kunnawa in firjinta na daskarar da kifi.
Mita tana cin kati kamar akuya a rumbu,
in aka ɗauke wuta kuwa, mu duka marayu ne.

Akwai Baba Jatau da ke zama a bakin shagona,
shekara goma bai taɓa guduma ba.
Dā ina ƙirga shayin da yake sha.
Jiya da ya makara,
na kasa fara aiki sai da ya zo.